Ɗan Gilashin Bayan Murfi

Wata huɗu ke nan cif 'yarsa ba ta turo masa saƙo ba. In ya kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse da kanta. Abin yana cin Taƙaice a rai ba kaɗan ba, amma ko da wasa bai taɓa buɗe baki ya faɗa wa wani ba. To wa ma zai faɗa wa? Mutumin da ya shekara ashirin da ɗaya yana katse wa jama'a magana, masu gaishe shi suna nan da yawa, amma wanda zai ja kujera ya zauna ya saurare shi, wannan kam babu shi.

Sunan ma daga nan ya samo shi. Shi ke tsara fitar motoci a wani kamfanin rarraba kayan gini, manyan motoci goma sha tara, direbobi ashirin da 'yan kai. Direba zai kira ya fara, "Oga, wato da na baro sito, na ɗan tsaya shan mai, to ka san layin nan..." sai ya ce masa, "A taƙaice." Tun ana kiransa da sunan a bayan idonsa har aka koma kiransa a gabansa, shi kuwa bai ga abin fushi ba. A ganinsa ma yabo ne.

Ofishinsa wani ɗan ɗakin gilashi ne a bakin sito, tebur ɗaya, kujera ɗaya da aka tokare ƙafarta da kwali, sai farin allo a bango mai ɗauke da lambobin motoci. Rabin aikin ɗakin nan kuwa wayarsa ce ke yi. Kamfanin ne ya raba musu ita shekara bakwai da suka wuce, baƙa, mai kauri, mai murfi, irin wadda ake buɗewa a rufe. A ciki akwai gilashi a sama, a ƙasa kuma maɓallai na gaske, kowane harafi da nasa. A bayan murfin akwai wani ɗan gilashi da bai fi faɗin yatsu biyu ba, shi ke nuna mai kira da saƙon da ya shigo ba sai an buɗe wayar ba.

Wannan ɗan gilashin shi ne abin alfaharin Taƙaice. Wayar tana kwance a tebur saƙo zai shigo: "Na iso." "An sauke." "Taya ta fashe." Ya kalla da wutsiyar ido, ya danna maɓallin gefe, ya zaɓi ɗaya daga cikin amsoshi ukun da ya tanada tun ranar farko: "To." "Madalla." "Kira ni." Saƙo ɗari biyu a wuni, hannunsa na dama ko ajiye biro bai yi ba. In kuma kira ne, ya buɗe, ya ji abin da zai ji, ya rufe ƙwas, magana ta ƙare.

'Yar nan tasa ita kaɗai ce gare shi. Sun rabu da uwarta tana shekara shida, uwar ta tafi da ita wani gari mai nisan rabin wuni a mota, shi kuma ya duƙufa a aiki yana gaya wa kansa cewa in ta girma za ta neme shi. Sai shekara biyu da suka wuce, da uwar ta rasu ya je ta'aziyya, ya tarar da babbar mace, matar aure, da fuskar mahaifiyarsa sak, wadda dama sunanta aka sa mata. Da zai tafi ta biyo shi har bakin titi, kanta a ƙasa, ta ce, "Baba, ko zan samu lambarka?"

Wallahi daɗin da ya ji ranar nan bai taɓa jin irinsa ba. Amma kun san abin da ya fito daga bakinsa? Cewa ya yi, "Layin aiki ne, Uwata, da rana ba ya hutawa. Ki riƙa turo saƙo."

Ta kuwa riƙa turowa. Duk bayan kwana goma ko mako biyu, ɗan gilashin zai yi haske: "Baba barka da rana. Ya aiki?" Sai ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, ya danna mata "Madalla," don a cikin amsoshin ukun ita ce mai ɗan taushi, direbobi ma ba kasafai suke samunta ba. A ƙarshen mako ya kira ta: "Uwata, lafiya? Maigidan fa? To, Allah ya yi albarka." Takan yi ɗan jim kamar mai jiran wani abu, sannan ta ce, "Amin, Baba." Shi kuma ya rufe. Yakan koma ɗakinsa na haya a hawa na biyu, inda kofi ɗaya ne, faranti ɗaya, kujera biyu amma ɗayar ta zama marataya riguna, ya zauna yana jin cewa ai shi ma yanzu mai iyali ne.

Sai kwatsam saƙon ya ɗauke. Ya yi tunanin duniya. Ya ce ko mijin ne ya hana ta, ya ce ko dangin uwarta ne suka zuga ta, ya ce ko dai halin uwar ta ɗauko na fushi ba bayani. Komai ya zarga in ban da kansa. Rannan har ya tsaya a tashar mota yana kallon motocin garinsu, sai girman kai ya ce masa, haba, kai ne uba, ita ya kamata ta nemo ka. Ya juya ya koma gida, ya wuni bai yi magana da kowa ba sai mai shagon da ya sayar masa da sabulu.

Ranar wata Laraba da safe, matar da ke kula da na'urorin kamfanin, wadda kowa ke kira Injiniya, ta shigo ɗakin gilashin da kwali a hammata da takarda a hannu. Bayanta ga Dogo, babban direbansu, mutumin da furfura ba ta hana shi tsokana ba.

Dogo ya ce, "Oga, yau fa za a raba ka da amaryarka. Mun zo taya ka kuka."

"Ba ka da lodi ne?"

"Ina da shi, amma wannan ya fi lodi."

Injiniya ta ajiye takardar a gabansa. Ta ce, "Baba Taƙaice, kowa ya miƙa tsohuwar wayarsa tun makon jiya, kai kaɗai ka rage. Yau ƙarfe huɗu za a zo a ɗauki kwalin tsofaffin. Ga sabuwa nan. Wannan takardar kuma ka cike mana, amfanin tsohuwar a nan, matsalolinta a nan, don mu san irin wadda za mu saya nan gaba."

Ya ɗaga sabuwar ya juya ta. Gilashi ne zalla, sumul, ba murfi, ba maɓalli ko ɗaya. Ya ajiye ta da yatsu biyu kamar wanda aka miƙa wa ɗanyen kifi. Sannan ya sa tabarau, ya ja takardar, ya shiga rubutu da zafin rai, yana karantawa da ƙarfi don su ji.

"Amfani. Na ɗaya, caji ɗaya kwana uku. Waccan taku kafin la'asar ta fara kuka. Na biyu, ta faɗo daga kan lodi sau huɗu, ba ta ko tsage ba, don murfin ya tare mata. Na uku, maɓallanta ana jin su a yatsa, ko hannunka da ƙurar siminti za ka rubuta. Na huɗu, ba ta kiran mutane da kanta daga aljihu. Na biyar, murya tana fita tar ko inji na aiki. Na shida," ya ɗaga biro sama, "gilashin baya. Ba ya ɓata wa mutum lokaci."

Dogo ya ce, "To matsala fa? Ko ita waliyyiya ce?"

Taƙaice ya ɓata fuska, amma shi ba ya ƙarya a takarda. Ya rubuta cewa hotonta hazo-hazo ne, in ka ɗauki lambar mota sai ka yi ta canka. Ya rubuta cewa mahaɗin murfin ya fara ƙara, kuma in ba a buɗe ta sosai ba gilashin ciki yakan ɗauke. Ya rubuta cewa sabuwar taswirar da direbobi ke amfani da ita ba ta hawa kanta, kuma tana da nauyi, ta huda masa aljihun riga biyu. Ya ce, "Shi ke nan. Shida da huɗu. Ku yi hukunci da kanku."

Dogo ya fita yana dariya. Injiniya ta jona wayar da kwamfutarta a gefen teburin, ta ce za ta kwashe masa lambobi zuwa sabuwar. Can ta ce, "Saƙonni fa? A kwashe ko a share?"

"Share. Na iso, an sauke, me zan yi da su?"

"Har da na wannan da ka sa wa suna Uwata?"

Ya ce, "'Yata ce. Gaisuwa ce kawai."

Injiniya ta dube shi ta saman kwamfutar. Ta ce, "Gaisuwa? Baba, gaisuwa mai layi ashirin?"

"Layi ɗaya dai."

Ta cire wayar, ta rufe murfin, ta nemo ɗaya daga cikin saƙonnin ta fito da shi a ɗan gilashin baya. Ga shi nan kamar kullum: "Baba barka da rana. Ya aiki?" Ta sa farcenta a kusurwar ƙasa, inda wata 'yar mitsitsiyar kibiya take kallon ƙasa.

"Ka ga wannan? Tana nufin da saura. Gilashin bayan nan layin farko kawai yake ɗauka. Sai ka buɗe ka shiga cikin saƙon za ka ga sauran."

Shekara bakwai yana ganin kibiyar nan jefi-jefi, ya ɗauka ado ce. Ina direba zai rubuta abin da ya wuce layi ɗaya, bayan shi da kansa ya hore su a kan kada su kuskura? Ya karɓi wayar, ya buɗe, mahaɗin ya yi 'yar ƙararsa. Injiniya ta nuna masa inda zai danna. Saƙonni sittin da uku suka jeru, kowanne da amsarsa a ƙarƙashi, kalma ɗaya tak.

Ya fara daga na farko. Bayan gaisuwar ta rubuta cewa ta gode da ya zo, ba ta zaci zai zo ba, kuma ta so ta ce ya kwana amma kunya ta hana ta. A na biyu ta ce akwai abin da take tunawa, ba ta sani ba ko gaske ne ko mafarki: wai ya taɓa ɗora ta a wuyansa don ta leƙa cikin wata babbar mota ja, ya bar ta ta danna hon. Ta ce, Baba, an yi haka kuwa? A ƙarƙashi: Madalla.

Ta gaya masa ta samu aikin koyarwa, yara talatin da biyu a ajinta, akwai wata mai cizo. Ta tambaye shi wace irin mace ce mahaifiyarsa, tunda sunanta take ɗauke da shi amma ko hotonta ba ta taɓa gani ba. Ta ce sun koma wani gida, ta yi masa kwatance dalla-dalla, ta ce akwai ɗakin baƙi, mijinta ya ce na Baba ne duk ranar da ya ga dama. Sau uku ta sake maganar ɗakin nan. A wani saƙon ta ce ta san shi ba mai yawan magana ba ne, Mama ta sha faɗa, don haka kada ya damu, ita madallar nan tasa ma ta ishe ta. Daga nan sai wani gajere, wanda daga ganinsa an sha gogewa ana sakewa kafin a turo: in Allah ya yarda suna jiran baƙo nan da wata biyar. Amsar da ke ƙarƙashinsa ta dace ƙwarai, abin haushin ke nan. Kusan ko'ina ta dace.

Sai na ƙarshe.

"Baba barka da safiya. Ya aiki? Ina asibiti tun shekaranjiya. Baƙon da muke jira bai zauna ba. An yi mini aiki, sun ce na zubar da jini da yawa amma zan tashi. Baba tsoro nake ji. Da Mama na nan ita zan kira. Don Allah ka zo, ko na awa ɗaya ne."

A ƙarƙashinsa, minti ɗaya bayan shigowarsa, ga amsar ubanta: Madalla.

Taƙaice ya cire tabarau ya ajiye. Ya sake ɗauka ya mayar. Ya jawo littafin fitar motoci, ya buɗe shafin ranar, wai ko zai tarar da wani bala'in da ya ɗauke masa hankali, mota ta kife, ko sito ya kama wuta, wani abu dai da zai riƙe. Litinin ce. Mota goma sha ɗaya ta fita, goma sha ɗaya ta dawo. A ƙasan shafin, da rubutun hannunsa, ya sa: komai lafiya.

Injiniya ba ta karanta saƙon ba, amma ta ga fuskarsa. Ta naɗe wayoyin kwamfutarta a hankali, ta ce, "Baba, ka riƙe ta har ƙarfe huɗu. Saƙonnin duk na kwashe maka su, ba abin da zai ɓata." Ta fita ta ja masa ƙofa.

Ya kira lambar 'yar tasa. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake, haka. Yana cikin haka saƙon wani direba ya shigo, sai ga babban yatsansa ya nufi maɓallin gefe da kansa. Ya kalli yatsan nan da wata irin tsana. Ya miƙe ya leƙa waje ya ƙwala wa Dogo kira.

"Ba yaronka na mota maƙulli, ya fita da lodin. Kai zauna a nan. Ga allo, ga littafi, ga wayar tebur. Ka gaya wa kowa yau nan za a kira."

Dogo ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi idon mutumin, ya fasa. Ya ce, "To, Oga."

A can ƙarshen sito akwai lungun da ake jibge kwalayen tayil ɗin da aka daina yayinsu, ba mai zuwa wurin sai ƙura. Nan ya je ya zauna a kan kwali, ya buɗe wayar a kan gwiwarsa. Tunda ba za ta ɗauka ba, to zai rubuta. Ya so ya fara da bayanin gilashin nan da kibiyar, ya rubuta layi biyu, ya karanta, ya ji kamar direban da ya makara yana ɗora wa taya laifi. Ya goge. Ya koma saƙonta na farko, ya sa kwanan watansa a sama, ya rubuta: Uwata, da kin ce in kwana, da na kwana.

Ya tura. Ya koma na biyu. Ya rubuta mata cewa gaske ne ba mafarki ba, motar ja ce, lambarta bakwai, kuma da ta danna hon ɗin ita ce ta firgita ta fashe da kuka, sai da ya zaga da ita sito sau biyu kafin ta yi shiru. Ya ce ta riƙe masa kunne da hannu biyu har ya yi ja.

Haka ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da a shekara bakwai bai taɓa haɗa kalma biyar a wayar nan ba, sai ga shi yana cika gilashi yana gangarawa. Maɓallan suna ƙas-ƙas a ƙarƙashin manyan yatsunsa, nan kam sun yi masa rana. Ya tambayi yarinyar nan mai cizo ko ta daina. Ya ba ta labarin mahaifiyarsa, 'yar gajeruwar mace mai saurin dariya, mai ɗinki da hannu, wadda in ta yi fushi sai ta hau share tsakar gida ko da an share. Ya ce hotonta ɗaya ne a duniya, yana cikin akwatinsa, nata ne in tana so. Da ya zo kan maganar ɗakin baƙi sai da ya tsaya ya share fuska da hannun riga. Ya rubuta cewa ɗakinsa akwai kujera biyu, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya zauna a ta biyun.

Ba amsa. Gilashin ciki ya ɗauke sau biyu, ya daddanna mahaɗin ya dawo. Masu lodi suka tafi cin abinci suka dawo, ya ji muryoyinsu daga nesa, ba wanda ya neme shi. Bai taɓa sanin sito yana iya tafiya ba shi ba, yau ya gani, kuma abin ya ƙara masa kaɗaici.

Wajen ƙarfe uku saura ya gama na sittin da biyu. Saura na asibiti. Ya rubuta "Uwata," ya tsaya. Ya rubuta "ki yi haƙuri," ya ga ƙanƙantarsa, ya goge. Ya rubuta addu'a, ya ga kamar ɓuya yake yi a bayanta, ya goge. Me ake ce wa 'yar da ta kira ubanta daga gadon asibiti ya ce mata madalla? Ya ɗora wayar a kan kwali ya zuba mata ido. Kunya yake ji, irin wadda ke sa mutum ya ji jikinsa ya yi masa nauyi, ga kuma tsoro, don ya san in ya ɓata wannan ba sauran wata dama.

Uku da minti ashirin wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga gare ta, ba sallama, ba gaisuwa.

"Saura ɗaya."

Bai rubuta ba. Ya danna kira, ya kara a kunne da hannu biyu. Ƙara ɗaya, biyu, uku, aka ɗauka. Yana jin numfashinta, da hayaniyar yara can nesa kamar an tashi daga makaranta.

Ya ce, "Uwata."

Ya ƙara danna wayar a kunne, ya ci gaba.

"Ban karanta ba. Wallahi ban karanta ba, ba shi kaɗai ba, ko ɗaya ban taɓa karantawa ba sai yau. Layin farko kawai nake gani a bayan wayar, in danna amsa."

Ta ce, "Na gane. Tun a amsa ta uku da ka turo yau na gane." Muryarta a daidai take, ba kuka, kuma hakan ya fi masa zafi.

"Ba laifin wayar ba ne. Da na so in san yadda kike, da na buɗe. Da na tambaye ki in na kira. Gaisuwar ta ishe ni ne, don ba ta neman komai a wurina."

Ya ji ta ja wata ƙofa, hayaniyar yaran ta ragu.

Ta ce, "Baba, wata huɗu ina jin haushinka. Na ce wannan wane irin mutum ne, ya karanta abin nan ya ce madalla. Mijina ya so ya kira ka, na rantse masa in ya kira ba ni ba shi. Da haushin nan na tashi daga gadon, da shi na koma aiki. Haushin ne ya riƙe ni."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ban san inda zan ajiye shi ba." Nan muryar ta ɗan karye. "Ka san me ya fi ci mini rai? Shekara biyu in na gama aiki sai in zauna in rubuta wa ubana. In ka ce madalla in ji daɗi, har in nuna wa mijina, in ce ka ga, Baba ya ji. Ashe duk hirar nan ni kaɗai nake yi."

Taƙaice bai katse ta ba. Ya tsaya a kan layin yana saurarenta tana kuka a hankali, har ta gama, ta face hanci. Daga bakin sito ya hango Injiniya da kwalinta, ta dube shi, ta dubi agogo, ta juya ta koma.

Ya ce, "Zan zo. Gobe, in kin yarda."

"Ka zo. Amma wadda ta rubuta maka waɗancan saƙonnin, ban tabbata za ka same ta ba."

"Ko wacce na tarar, zan zauna."

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Kwatancen da ke wurinka ya tsufa. Mun tashi daga gidan, na kasa zama a cikinsa bayan abin, har gadon jariri mun riga mun saya. Wannan ɗin ƙarami ne, babu ɗakin baƙi, sai dai falo."

"Falon ya isa."

"To ɗauki biro."

Ya laluba aljihun riga, babu, ya baro shi a tebur. Ya waiga, ya ga guntun allin da masu lodi ke sa wa kaya lamba a ƙasa, ya durƙusa ya ɗauka, ya juyo da gefen kwalin tayil ɗin da yake zaune a kai.

Ya ce, "Ina ji. Faɗi a hankali, kada ki bar komai."